Igiyar Jatau da Sunan da Ba a Rubuta Ba

'Yan'uwana cikin Almasihu, salama ta kasance tare da ku. Kafin in buɗe baki in gargaɗi kowa a wannan safiya, wajibi ne in fara da kaina, domin akwai abin da aka roƙe ni in yi shekara ashirin da uku da suka wuce, kuma har wannan sa'a da nake tsaye a gabanku ban yi shi ba. Ba aiki ne mai nauyi ba. Suna ɗaya aka ce in rubuta a jikin kalandar nan da ke rataye a bangon dama, wadda muke dubawa kowace safiya mu kira sunan shahidin ranar kafin mu durƙusa. Ni nake sauke tsohuwa duk watan Janairu, ni nake rataya sabuwa. Kalanda ashirin da uku sun bi ta hannuna. Wadda ta roƙe ni tana zaune a nan, a benci na biyu na mata, kuma ba ta taɓa maimaita roƙon ba. Da gori take yi mini, da na sami sauƙi. Gaishe ni take yi, har ta tambayi lafiyar gwiwata.

Zan dawo kan wannan. Amma kun san ni, ba na isa ƙofar gidana sai na zagaya ta bayan gari. Saboda haka ku yi haƙuri, ku saurari labarin wanda ya fi ni.

Can baya, tun mota ba ta san hanyar ƙauyuka ba, an yi wani bawan Allah a wani ƙauye da ke bayan duwatsu. Sunansa Jatau. Ranar baftismarsa an raɗa masa Barnaba, amma sunan bai kama shi ba. In aka kira Barnaba, shi ma sai ya waiga ya ga wa ake nema. Sana'arsa tufkar igiya. Bahago ne, saboda haka tufkarsa takan juya ta wani gefe dabam da ta kowa, har in ka ga igiyarsa a wuyan jaki a kasuwar da ba tasu ba, ka san daga hannun da ta fito. Bai san baƙi ko ɗaya ba. In ka ba shi takarda, zai karɓa da hannu biyu, ya riƙe ta kai ƙasa, ya yi maka godiya.

Masu bi a ƙauyen ba su kai gida ashirin ba, malaminsu kuwa wani tsoho ne, Malam Sila. Yana da kalandar coci guda ɗaya ta takarda. Kowace safiya, kafin a tafi gona, sai ya buga tsohuwar garmar da aka rataye a bishiya a madadin ƙararrawa, jama'a su taru, ya karanta sunan wanda ya ba da ransa saboda Almasihu a irin wannan rana, a yi addu'a, a watse.

To, tsufa ya kama Malam Sila, gara kuma ta kama kalanda. Ta fara daga Disamba tana tafiya baya. Tsohon ya damu ƙwarai, domin ya san ba a kusa aiko wani malami ba.

Sai Jatau ya ce masa, "Malam, takarda abincin gara ce. Kai ka karanta, ni in ɗaura."

Ku saurara ku ji abin da suka yi. Jatau ya jiƙa rama, ya tufka igiya doguwa wadda bai taɓa yin irinta ba. Malam Sila yana kwance a tabarma yana karanta ranaku, Jatau yana zaune yana ƙulli, rana ɗaya ƙulli ɗaya, har ɗari uku da sittin da biyar. Ranar da ke da shahidi, sai ya sa mata alama da yatsa zai gane. A ƙullin Istifanus, kashegarin Kirsimeti, ya cusa 'yar tsakuwa, tun da jifa aka kashe shi. Waɗanda aka ƙone, ya shafa wa ƙullinsu gawayi. Waɗanda aka sare, ya ɗaura guntun ƙarfe. Wasu mata biyu da aka jefa wa dabbobi, ya saƙala musu gashin wutsiyar saniya. Aka zagaya igiyar a bangon coci ta ciki har sau uku, aka soke tsinken itace a ƙullin ranar da ake ciki.

Amma akwai ƙulli ɗaya da ya bambanta. A gefen takardarsa Malam Sila ya rubuta wani suna da fensir, sunan da ba a buga a ko'ina ba: Arzika, mutumin da ya fara ba da gaskiya a ƙauyen. Shekara goma kafin wannan lokaci, da aka zo yankan da ake yi wa dutsen gari kafin shuka, Arzika ya ƙi sa hannunsa. Dattawan gari suka ji tsoron kada ruwa ya ƙi sauka, suka ɗaure shi a jikin tsamiya cikin rana, ba ci ba sha, sai ya janye. Bai janye ba. Kwana uku ya yi, ya cika. Da aka zo ranarsa, Jatau bai yi ƙullin da rama ba. Ya shiga ɗaki ya fito da guntuwar tsohuwar igiyar ɓawon kuka, wadda ta yi baƙi, ya saƙa ta a ciki. Malam Sila ya dube shi, ya dubi igiyar, ya ci gaba da karanta ranaku.

Malam Sila ya rasu. Gara ta ƙarasa aikinta. Shekara goma sha biyu ƙauyen nan ba malami, ba takarda, sai Jatau da igiyarsa. Kowace safiya ya buga garma, ya matsar da tsinke gaba ɗaya, ya shafa ƙullin, ya faɗi suna. Kowace safiya, 'yan'uwa. Da damina da rani, da lafiya da zazzaɓi. Addu'arsa ɗaya ce, ba ta da tsawo: "Ya Ubangiji, mun gode maka saboda bawanka wane, wanda ya riƙe sunanka har ƙarshe. Mu da ba a nemi jininmu yau ba, ka taimake mu mu riƙe bakinmu da hannunmu har rana ta faɗi." In ƙullin ba shi da alama, sai ya ce, "Yau ranar waɗanda ba mu san sunansu ba ce," a yi musu tasu. Jama'a suka dogara da shi har in mace ta haihu, ba a cewa ran kaza ga wata, sai a ce kwana biyu bayan gawayi.

Ana nan, sai aka aiko sabon malami, wani matashi mai suna Malam Filimon, da takalminsa mai sheƙi da sabuwar kalanda a naɗe a hammata. Ya turo kekensa ta kan duwatsu, ya iso da hantsi ranar ashirin da biyu ga Disamba. Me zai tarar? Ganga na tashi, mata sun ci ado, ƙamshin nama ya cika gari.

Ya tsaya gaban wata mata da ke juya tukunya. Sunanta Gwamma, ita ce 'yar marigayi Arzika, kuma duk ƙauyen ba wanda ya kai ta baki.

Ya ce, "Sannunku da hidima. Aure ake yi ko suna?"

Gwamma ta dube shi daga takalmi har hula. Ta ce, "Kai ne malamin da aka ce za a aiko mana?"

"Ni ne."

"To, Malam, ka yi karatu har ina, da ba a gaya maka ranar haihuwar Ubangijinka ba?"

Malam Filimon ya warware kalandarsa, ya duba, ya sake dubawa. Sannan ya nemi a nuna masa mai riƙe da ranaku. Ya shiga coci ya ga igiya, ya ƙirga abin da zai ƙirga, ya ja Jatau bayan coci inda ba kowa.

Ya ce, "Baba, Malam Sila bai gaya maka cewa duk bayan shekara huɗu watan Fabrairu yakan sami ƙarin kwana ɗaya ba?"

Jatau ya ce, "Ƙarin kwana? Daga ina yake zuwa?"

"Haka lissafin yake. Igiyarka ba ta da wurinsa. Sau uku ya zo bai sami masauki ba, sai tsinkenka ya yi gaba da kwana uku. Kirsimeti sai gata."

Jatau ya dubi hayaƙin da ke tashi daga gidaje. Ya ce, "Awakin kuma an riga an yanka."

Malam Filimon ba mugu ba ne. Ya ji tausayin tsohon. Ya ce, "Baba, ba wanda ya sani sai ni da kai. A bar su su ci bikinsu. Bayan sati, in ba kowa a coci, ka mayar da tsinken baya uku. Ni ban gani ba."

'Yan'uwa, ku sa kanku a wurin Jatau. Shekara goma sha biyu gari na rantsuwa da igiyarka. Ga ƙofa an buɗe maka, ba wanda zai ji ƙararta. Ni dai na san abin da zan zaɓa, domin na daɗe ina zaɓarsa.

Jatau ya ce, "Malam, Allah ya saka maka. Amma mutanen da ke jikin igiyar nan, kowannensu an ce masa ya faɗi 'yar ƙarya kaɗan ya tafi gida. Da wace fuska zan shafa ƙullinsu gobe?"

Ya fita ya buga garma da tsakar rana. Ganga ta tsaya. Ya tsaya gaban jama'a ya ce, "Na ɓatar da ku. Yau ba Kirsimeti ba ce. Saura kwana uku. Bara ma da bara waccan mun riga duniya."

Gari ya ruɗe da surutu. Wani ya ce ashe shi ya sa surukinsa na birni ya taɓa yi masa dariya. Wani tsoho ya ce shi bai ga laifi ba, ai gara ka tari babban baƙo a hanya da ya same ka a kwance. Gwamma kuwa ta taho da ludayi a hannu.

Ta ce, "Baba Jatau, wata bakwai ina kiwon akuyar nan da dusa. Tun da ka iya mayar da kwana uku baya, sai ka bi ta gidana ka mayar mini da ita daga tukunya."

Aka yi ta dariya. Jatau ma ya yi, kansa a ƙasa. Bai kare kansa da kalma ɗaya ba, bai ce Malam Sila ne bai gaya masa ba.

Da la'asar dattawan coci suka zauna suka yanke shawara: ga takarda ta zo, igiya ta gama aiki. Dama igiyar rijiyar gari ta tsinke, wannan kuwa doguwa ce, ga ƙulle-ƙulle masu daɗin riƙo. A kai ta rijiya.

Jatau ya ce, "Na yarda. Ruwa ma aikin Allah ne. Abu ɗaya nake roƙo. Malam, duba mini takardarka, akwai Arzika?"

Malam Filimon ya duba, ya ce babu.

"To, ka rubuta shi kafin a sauke igiyar. In ta shiga rijiya da sunansa, ba zai fito ba. Ni kaɗai na san ƙullinsa, ni kuma ba yaro ba ne."

Malam Filimon ya ce, "Ranar da aka samo daga igiyar da ta yi kuskure?"

Jatau ya ce a gwada. Suka bi bango tare, ɗaya da takarda, ɗaya da yatsa. Tsakuwa ta faɗa daidai kan ranar Istifanus. Gawayi daidai, ƙarfe daidai, gashin saniya daidai. Ashe igiyar ba ta yi kuskure ba, tsinken ne ya yi gaggawa. Baƙin ƙulli ya faɗa kan goma sha biyu ga Mayu.

Malam Filimon ya ce, "Rana ta tabbata. Amma an koya mana cewa ba a kiran mutum shahidi sai da shaida. Wa ya gani da idonsa cewa saboda Almasihu ya mutu? Wa ya ji abin da ya faɗa?"

Wa zai shaida? Masu bi na wancan lokaci sun ɓuya a ɗaka ranar, waɗanda suka yi aikin kuwa wasu sun mutu, wasu ba za su yi magana ba. Ku saurara da kyau, 'yan'uwa, domin nan ne gwajin gaske yake. Na farko share fage ne.

Jatau ya ce, "Ni na gani."

"A ina kake tsaye, Baba?"

"A ƙarshen igiyar." Ya kama baƙin ƙullin. "Lokacin ban ba da gaskiya ba. Dattawa suka aiko a ba su igiya mai ƙarfi, na zaɓa musu wadda ta fi, har ina alfahari. Suka ce ba mai ƙulli kamar ni, na je na ɗaure shi da hannuna. Ina ja, sai ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, 'Jatau, hannunka na da kyau. Yesu ya ba ka abin kirki da za ka ɗaura.' Kullum safiya ana tambayarsa ko ya janye, kullum yana cewa ba shi da wani Ubangiji sai ɗaya. Da ya cika, ni na kwance shi. Wannan guntuwar igiyar ce."

Idon kowa ya koma kan Gwamma. Shekararta takwas lokacin da aka ɗaure mahaifinta. Ta ajiye ludayi, ta goge hannu a zanenta.

Sannan ta ce, "Inna ta ga shatin igiyar a hannunsa ranar da aka yi masa wanka. Tufkar bahago ce, gari kuwa bahago ɗaya ne. Ta gaya mini kafin ta rasu, ta ce kada in tona, in bari ka faɗa da bakinka. Ta ce mutumin da ke kiran sunan ubana da irin muryar da kake kiransa, Allah ya riga ya kama shi, ba sai mun taya ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Shekara ashirin da biyu ina jira, Baba. Tsinkenka ya cika gaggawa, kai kuma ka cika nawa. Malam, rubuta. Ga shaida ka samu."

Malam Filimon ya rubuta. Igiyar kuwa ba ta je rijiya ba; Gwamma ta ce duk wanda ya taɓa ta ya san da wa zai yi. Jatau ya tufka wa rijiya wata sabuwa, ya kuma ɗaura ɗan ƙaramin ƙulli yana lilo a ƙarshen Fabrairu, masaukin baƙon da ke zuwa duk shekara huɗu. A shekarar nan sau biyu aka ci Kirsimeti a ƙauyen. Na biyun da kajin Jatau aka yi shi, duka tara, Gwamma ce ta fige su, kuma ba ta bar shi ya manta ba har ya koma ga Ubangiji.

To, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Tunawa da shahidai ba ƙirgar ranaku ba ce. Jatau ya kuskure rana shekara da shekaru, amma bai kuskure safiya ko ɗaya ba. Mu kalandarmu daidai take, an buga ta da launi, amma mutum nawa a cikinmu suka san sunan da aka kira jiya? Muna kiran sunayensu ne domin gaskiyarsu ta shafe mu: wanda ya ambaci mutumin da ya ƙi yin ƙarya a bakin mutuwa, bai kamata ya fita ya yi ƙarya a bakin kasuwa ba. Kuma shahidai ba duka suke a ƙasashe masu nisa ba. Akwai na gida, waɗanda ba injin da zai buga sunansu. In mu ba mu riƙe su ba, rijiya za su faɗa. Wani lokaci kuwa abin da ke hana mu kiran sunan, shi ne mun san inda muke tsaye ranar.

Yanzu na iso ƙofar gidana.

Tsofaffinku sun san Zakka, abokin aikina, mai waƙa da muryar da ke korar tantabaru daga rufin coci. A shekarar tashin hankalin nan, ranar tara ga Agusta, ni ne ke da juyin zuwa ƙaramar cocinmu ta ƙetaren rafi. Na ji raɗe-raɗin cewa hanya ba lafiya. Ban gaya wa kowa ba. Na ce wa Zakka gwiwata na ciwo, ya yi dariya ya ce in zauna in shafa man shanu, shi zai je. Aka tare shi a hanya. Waɗanda suka tsira sun shaida cewa an ba shi zaɓi, ya zaɓi Ubangijinsa. Gwiwata ba ta yi ciwo ranar ba, 'yan'uwa. Daga baya ne ta fara, kuma ban taɓa ganin laifinta ba.

Bayan kwana arba'in, matarsa, Mama Lidiya, ta ce mini, "Malam, kai ne mai kyan rubutu, ka sa sunansa a kalanda." Na ce gobe.

Mama Lidiya, kin ji abin da ban taɓa faɗa ba. Ki gafarta mini.

Na baya, ba ku ji abin da ta ce ba? Cewa ta yi Zakka ma ya ji raɗe-raɗin, ya kuma san gwiwar ƙalau take, tun a gida ya gaya mata yana ɗaura takalmi. Ta ce in daina tsayar da mutane, in yi abin da aka sa ni, masu gona na jira.

To. Yau tara ga Agusta. Shekara ashirin da uku ina yawo da biro a aljihu, sai yau na bar shi a wata riga. Wa zai ara mini? Na gode, Dattijo. Mama Lidiya, zo ki danne mini gefen takardar.

Zakka, bawan Almasihu. Ga shi nan, ya ɗan karkace, amma ana karantawa.

Mu durƙusa. Ya Ubangiji, mun gode maka saboda bawanka Zakka.